Shekara ɗari a idon mutum guda: abin da tsohuwar Adar ta gani

Idan ka karɓi takardar shaidar ɗan ƙasa ta wani tsoho tukuf a Tawa, da wuya ka ga ranar haihuwarsa ta gaskiya. Ko dai an rubuta cewa an haife shi wajen shekara kaza, ko kuma an liƙa masa 1 ga Janairu don a cike gurbi. Shi kansa in ka tambaye shi, ba da lamba zai amsa maka ba. Zai ce shekarar fara yana goye, ko ya ce lokacin da aka daina aikin tilas ya isa kiwon awaki, ko ya ce ranar da aka ba da mulkin kai yana da mata da ƴaƴa biyu. Da irin wannan lissafi ake gane cewa a garuruwanmu akwai ƴan tsirarun mutane da suka doshi shekara 100, wasu ma sun taɓa ta.

Irinsu ba su da yawa ko'ina a duniya, balle a nan. A Nijar waɗanda suka haura shekara 65 ba su kai 3 cikin 100 ba, kuma kusan rabin ƴan ƙasar ba su wuce shekara 15 ba. Wadda takardu suka tabbatar ta fi kowa daɗewa a duniya wata Bafaranshiya ce, Jeanne Calment, da ta rayu daga 1875 zuwa 1997, shekara 122. Tsofaffinmu ba su da irin takardunta, amma ina ganin sauyin da suka gani ya fi nata tsanani, domin abin da Turai ta yi ƙarni biyu tana shigarsa sannu a hankali, su a rayuwa guda ya faɗo musu.

Mu ɗauki mace da aka haifa a wani ƙauyen Adar, cikin jihar Tawa, a 1926, kuma Allah Ya ja kwananta har yanzu. A wannan shekara ce Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka mayar Yamai, wanda a lokacin gari ne na ƴan dubban mutane a bakin kogin Isa, wato Kwara. Ƙidayar 2012 ta same shi da mutum fiye da miliyan ɗaya. Babu gada ko ɗaya a kan kogin a Yamai sai 1970 da aka buɗe gadar Kennedy, lokacin tana da shekara 44. Mutanen duniya duka ba su cika biliyan 2 ba sai a 1927, yau sun haura biliyan 8. Fenisilin ba a gano shi ba sai tana da shekara biyu. Kuɗin sefa da muke ƙirgawa dala-dala ba a ƙirƙiro shi ba sai Disamban 1945, kuma kakanninta da wuri suka ci kasuwa.

In ka ce wa samari su lissafa abin da ya sauya a rayuwar wannan baiwar Allah, nan take za su ce mota, jirgin sama, rediyo, talabijin, salula. Gaskiyarsu, kuma zan zo kan wannan. Amma ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce "Kaka, ba mu labarin da," ka bar ta ta fara daga inda ta ga dama. Sau da yawa daga haihuwa za ta fara: nawa ta haifa, nawa suka tsaya, nawa suka koma. A ganina nan ne sauyi mafi girma yake, kuma shi ne wanda ido bai cika gani ba, tunda ba a ɗaukar hoton kabarin da ba a gina ba.

A ƙuruciyarta mutuwar yara abu ne da kowane gida ya saba da shi. Agana kan shigo gari da rani ta kwashe na kwashewa, ta bar wasu da zanzana a fuska, wasu ta makantar da su. Ƙyanda, tari, gudawa da masassarar damina kowanne da lokacinsa. Sanƙarau kan zo da iskar bazara. Macen da ƴaƴanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya ana ce mata mai wabi, kuma sunaye irin su Abarshi, Abarta da Ayashe da muke ji a kan dattawa sun fito ne daga wannan fargaba ta iyaye. Kada a ɗauka wannan labarin zamanin Nasara ne kawai. Binciken lafiya na ƙasa na 1992 ya nuna cewa cikin kowane yaro 1,000 da aka haifa, 318 ba sa kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku ke nan, a lokacin da tsohuwarmu ta riga ta haura 65. Binciken 2006 ya samu 198, na 2012 ya samu 127.

Me ya jawo wannan sauka? Ba wani babban asibiti ba ne. Abubuwa ne ƙanana masu arha da aka kai kusa da mutane: allurar rigakafi, ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa, bitamin A, gidan sauro mai magani da aka raba gida-gida, ƙananan ɗakunan shan magani da aka gina a ƙauyuka tun farkon shekarun 2000 zamanin Tandja Mamadou, da kyautar magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar da aka ayyana a 2006, duk da cewa kuɗin da gwamnati ke mayar wa asibitoci kan makara ƙwarai. Bayan yunwar 2005 kuma aka faɗaɗa jinyar yara masu tamowa. Wasu cututtukan ma gaba ɗaya aka kore su. Agana, wadda aka yi wa yaƙin lamba a Afirka ta Yamma daga 1967, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarewarta a doron ƙasa a 1980. Kurkunu, mai kwantar da manomi daidai lokacin noma, an tabbatar Nijar ta rabu da shi a 2013. Bayan annobar sanƙarau ta 1996 da ta kashe mutum kusan 25,000 a ƙasashen Sahel, an samu sabuwar allura da aka fara yi a Nijar, Mali da Burkina Faso a 2010. A farkon 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka shaida ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Har dabbobi sun samu rabonsu, domin bushiya mai share garken shanu an sanar da ƙarewarta a 2011.

Aikin bai ƙare ba, kuma tun 2012 saukar ta yi nauyi. Yaro ɗaya cikin takwas ko tara da ke mutuwa kafin shekara biyar adadi ne da ya kamata ya hana mu barci. Sai dai mace mai shekara 25 a yau tana haihuwa da kyakkyawan zaton ɗanta zai girma, abin da kakarta ba ta taɓa samu ba.

To, yaran da suka rayu sun girma, sun yi aure, sun haihu. Daga nan ne sauyi na biyu ya taso, kuma shi ne ya fi taɓa tukunya. A 1960 ƴan Nijar ba su wuce miliyan 3 da rabi ba. Ƙidayar 1977 ta samu miliyan 5.1, ta 1988 miliyan 7.2, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17.1. Yanzu mun haura miliyan 25. Kusan duk shekara 20 muna ninkawa. Ƙasar tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, amma kashi biyu cikin uku hamada ce, kuma noman damina a siririn yankin kudu ya tattaru. Akushin bai ƙara girma ba, hannuwan da ke shiga cikinsa ne suka ninka har sau bakwai.

Lokacin da tsohuwarmu take amarya, mai gida kan noma gona shekara ƴan kaɗan ya bar ta ta huta, ya sari sabon daji. Tsakanin gari da gari akwai dajin da mace ba ta shiga ita kaɗai saboda kura, akwai barewa, a arewa akwai jimina. Makiyayi na da burtali da makiyaya, bayan girbi ya sauko ya zauna a gona dabbobinsa su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da hatsi. A 1961 gwamnati ta kafa doka ta shata iyakar da noma ba zai wuce ta ba a arewa, domin abin da ke bayanta ya zama na kiwo. Yau gonaki sun tsallake wannan iyaka da nisa. Hutun gona ya zama labari. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta gado sau biyu ko uku, kowane jika ya samu abin da ba zai ciyar da gidansa wata shida ba. Amfanin da hekta ɗaya ta gero ke bayarwa kuwa yana nan wajen kilo 400 zuwa 500, bai yi wani motsin kirki ba. Hatsin da ƙasa ke samu ya ƙaru ne domin an faɗaɗa gonaki. Rikicin manoma da makiyaya da ake ta kai wa gaban sarakuna da kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta kafa, a nan tushensa yake. Wanda ya ce mutanen yanzu ne ba su da haƙuri bai faɗi duka gaskiyar ba. Iyayensu suna da filin da za su kauce wa juna, su ba su da shi.

Ita kuwa yunwa ta san ta da sunayenta. Ta ji labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 a bakin iyayenta. Tana yarinya aka yi ta 1931, wadda fara ta jawo, ta fi tsanani a yammacin ƙasar, kuma Nasara bai fasa karɓar lanho, wato haraji, ba. Ta ga farin 1973 zuwa 1974 da ya karya Buzaye da Fulani, ya kuma share wa sojoji hanyar kifar da Diori Hamani. Ta ga El Buhari ta 1984, wadda ta haɗu da rufe iyakar Najeriya. Ta ga 2005, ta ga 2010. Abin lura shi ne yadda yunwar kanta ta sauya kama. A da in damina ta ƙi, hatsi ne babu shi kwata-kwata, sai a ci ganye, a tone gidan tururuwa, a watse. A 2005 hatsi na nan a kasuwa, kuɗin tiya ne ya fi ƙarfin talaka. Kwalta da manyan motoci sun sa abinci na iya zuwa daga nesa, amma sun ɗaure cikin ɗan ƙauye da farashin Dawanau ta Kano da darajar naira.

A nan dole in tsaya kan wani abu da nake alfahari da shi, domin yana nuna cewa sauyi ba hanya guda yake bi ba. Wanda ya ga tuddan Adar a 1984 zai rantse ƙasar ta mutu. Amma tun 1975 aka fara dasa layukan itatuwa masu kare iska a kwarin Majiya wajen Buza. A 1984 aka buɗe babban aikin Keita da tallafin Italiya, inda mata suka fi yawa cikin masu ɗaukar duwatsu suna jera su a kan fako don tare ruwa. A ƙarshen shekarun 1980 manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso suka ga yadda ake gina ƙananan ramuka a zuba taki, suka dawo suka inganta irin nasu ramukan da ake kira tassa, har ta kai ana sayen fakon da a da ko kyauta ba a so. A Maraɗi da Damagaram manoma suka koma barin tsiron gawo da sauran itatuwa a cikin gona suna sassabe su da kula, har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Mace guda ta ga daji, ta ga ya ƙare, ta kuma ga wani sashensa ya dawo da hannun ƴaƴanta. Kura da barewa dai ba su dawo ba.

Gonar da ba ta isa ita ce ta mayar da biɗa, wato tafiya neman kuɗi, sana'ar Adar. Tafiya ba sabon abu ba ce a wurinmu. Fatake sun bi hanyar Sakkwato, Kano da Gwanja da jakuna tun kafin Nasara, kuma a zamanin lanho samari sun taka da ƙafa har Kumasi don su samo abin biya. Abin da ya sauya shi ne yawan masu tafiya da nisan zango: Abijan, Legas, Libiya, Aljeriya, Kamaru, Gabon. Akwai ƙauyukan da in an gama girbi sai mata, yara da tsofaffi.

Nan ne maganar mota da salula ke shigowa da ma'anarta. Miji ko ɗa in ya tafi a shekarun 1940, sai dai a jira. Labarin rasuwa kan yi watanni a hanya. Mai niyyar hajji kan sallami iyalinsa kamar ba zai dawo ba, ya bi ta Cadi da Sudan da ƙafa, yana tsayawa yana ƙodago, ya yi shekaru kafin ya ga Bahar Maliya, kuma da yawa can suka zauna. Yau daga Yamai sa'o'i kaɗan ne a jirgi. Tsakanin Tawa da Yamai, kilomita wajen 550, motar safa kan tashi da asuba ta isa kafin dare. Saƙo ya bi matakai: wasiƙar ajami da malam ke rubutawa, sannan kaset da ake naɗar murya a ba matafiyi, sannan salula da ta shigo a 2001, tsohuwarmu na da shekara 75. Yanzu jikanta na Abijan yana turo murya ta WhatsApp, ta saurara, a danna mata ta mayar da amsa. A ƙasar da manya masu iya karatun boko ba su kai 40 cikin 100 ba, saƙon murya ya fi kowace fasaha dacewa da mu. Kuɗin da a da ake ɗinkewa cikin riga a ba amintacce ya kawo, yau ta Nita ko Al Izza yake zuwa cikin minti kaɗan. Har farashin hatsi ya ji a jikinsa: wani bincike kan kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya gano cewa shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa na iya tambaya kafin ya yi lodi.

Rediyo ya riga salula da nisa. BBC ta fara Hausa a 1957, gidan rediyon ƙasa ya buɗe a 1958. Ta nan mutanen karkara suka ji an sauka a kan wata a 1969, ta nan kuma suka riƙa bin kokowar takobi, wadda aka fara a nan Tawa a 1975.

Sai dai ka duba tsakar gidan da ake sauraron wannan saƙon murya. Jikanyar da ta riƙe wa kaka salula yanzu ta ajiye taɓarya, kuma da asuba ta je rijiya da guga. Da itace za ta dafa tuwo, hayaƙi na shiga idonta kamar yadda ya shiga na kakarta a 1940. Salular ma sai an kai ta wurin mai caji an biya, domin kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da kuran, wato lantarki, a ƙasar, a ƙauye kuwa abin bai kai haka ba. Wannan a ƙasar da ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, aka yi ta wucewa da shi ta kan kwaltar da ta ratsa Tawa. Dalilin wannan saɓani ba ɓoyayye ba ne. Eriya guda ta salula na ɗaukar ƙauyuka da dama, kamfani ya kafa ta da kuɗinsa, ya mayar da su da katin dala ashirin-ashirin. Kuran da ruwan famfo kuwa sai an ja waya ko bututu zuwa kowace ƙofa, jari ne mai nauyi da ba ya dawowa da wuri, don haka sai gwamnati ta sa hannu. Abin da za a sayar wa mutum ɗaya-ɗaya ya iso da gudu: salula, babur ɗin kabu-kabu, taliya, bokitin roba da ya kori ƙwarya da tulu. Abin da sai an haɗu an gina shi ya makara. Kuma galibin abin da ya makara, nauyinsa a kan mata yake. Binciken 2012 ya nuna mata uku cikin huɗu an aurar da su kafin shekara 18. Ta wannan fuska rayuwar jikanyar ba ta yi nisa da ta kakarta ba.

Ta fannin mulki, tsohuwarmu ta fara rayuwa ba a matsayin ƴar ƙasa ba. Kumandan na iya sa a ɗaure mutum ba tare da shari'a ba, gardi na iya shigowa gari ya kwashi maza aikin hanya ba lada. Sai a 1946 aka soke aikin tilas, tana da shekara 20. A 1956 kowane baligi, mace da namiji, ya samu damar zaɓe. Ta ga ƙuri'ar raba gardama ta 1958 lokacin da Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a'a ga ci gaba da zama ƙarƙashin Faransa, ta ga ranar mulkin kai, 3 ga Agustan 1960. Daga Diori Hamani zuwa Janar Abdourahamane Tiani shugabanni 11 ne suka wuce ta gabanta, cikinsu har da ɗan jiharta Issoufou Mahamadou na Dandaji, da juyin mulki biyar: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Ta ga sojan Faransa yana mulkin garinsu, ta kuma ji ficewarsa a Disamban 2023. Hausa, harshen da aka yi ta dukan yara saboda sun yi shi a lakwal, a 2025 an rubuta shi harshen ƙasa. Amma doka kan riga al'ada, wani lokaci da shekaru masu yawa. Bauta ba ta zama laifin da ake hukuntawa a dokar Nijar ba sai 2003, kuma a 2008 ne kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba Hadijatou Mani, ƴar yankin Ƙonni, gaskiya a kan bautar da aka yi da ita. Akwai kuma abin da ya koma baya ƙarara. Hanyoyin arewacin jihar da ake bi da dare a shekarun 1970 ba tare da fargaba ba yau sai da rakiya, kuma kisan mutum 137 a yankin Tiliya a Maris 2021 abu ne da tsofaffin wurin ba su taɓa ganin irinsa ba.

Addini ma ya sauya fuska. A ƙuruciyarta Azna, masu addinin gargajiya, na da ƙarfi a garuruwan Adar da dama, bori a fili ake yinsa. Yau kowace unguwa da masallacinta, mata na zuwa makarantar Islamiyya, wa'azi na yawo a salula. Arwa ta Masalata kusa da Ƙonni, inda ake duban yadda shekara za ta kasance, na nan ana yi, amma ba ita ce ke tsara wa mutane shekara ba kamar da.

Duk wannan me ya yi wa ita tsohuwar kanta? Muna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Karin maganar ya yi daidai da duniyar da jika zai rayu irin rayuwar kakansa, inda wanda ya daɗe ya riga ya ga duk abin da zai zo. Yanzu kaka ce ke miƙa wa yaro ɗan shekara goma salula ya nemo mata lamba. Wanda ke turo kuɗi daga Libiya maganarsa ta fi ta mai gida nauyi a wasu gidajen. Ina ganin wannan na cikin abin da ke sa tsofaffi yawan cewa duniya ta lalace. Ba lallai ne duniyar ta fi muni ba, tunda jikokinsu na rayuwa. Matsayinsu ne a cikinta ya ragu, kuma wannan ciwo ne na gaske da bai kamata a yi masa dariya ba.

Amma kuskure ne babba a ɗauka duk saninsu ya tsufa tare da su. A ƙasar da rabin mutanenta aka haifa bayan 2010, mafi yawanmu abin da muka tarar muke ɗauka shi ne asali. Wanda bai taɓa ganin agana ba shi ke da bakin raina allurar rigakafi. Wanda bai ga 1984 ba shi ke sare gawo don ya sayar da itace. Boubou Hama da abokan aikinsa sun fahimci wannan tun shekarun 1960, shi ya sa aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda ake kira CELHTO yanzu. Marigayi Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, da bakin dattawa ya haɗa wajen rubuta tarihin Adar. Sai dai an fi tambayar tsofaffi jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ba a cika tambayar tsohuwa irin geron da ake shukawa in damina ta makara ba, ko ganyen da aka ci aka rayu a shekarar yunwa, ko inda burtali ya bi kafin a nome shi.

Misalin da ya fi damuna shi ne na ruwa. Shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960 shekarun ruwa ne a Sahel. Daga 1968 aka shiga fari mai tsawo har tsakiyar shekarun 1980, kuma a daidai wannan lokaci garuruwa suka fara kumbura. Ƙoramu sun ƙafe, tafkuna sun bushe, sai aka yanka filaye a cikinsu aka yi gini, domin masu ginin ba su taɓa ganin ruwa a wurin ba. Tun shekarun 1990 ruwan ya fara dawowa, amma da wani sabon hali: ya zuba da yawa cikin ɗan lokaci, a kan ƙasar da ta daskare ba ta sha, sai ya kwarara. A Satumban 2020 kogi ya kai tsayin mita 7 a Yamai, ya shiga Saga, Kirkisoye da Lamorde. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a faɗin ƙasar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya. Wanda ya ga daminar 1950 da wayonsa yau ya haura shekara 80. Su kaɗai suka rage da za su iya tsayawa su nuna da sanda su ce ruwa nan yake bi, nan yake kwana, kuma yawancin ƙananan ƙoramun ƙauyukanmu babu taswirar da ta rubuta su.

Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna ƴan Nijar za su haura miliyan 50 wajen 2050, wato cikin shekara 25 za a gina gidaje kusan yawan waɗanda ke tsaye yanzu. Kafin ma'aikatar magajin gari ta yanka sababbin filaye a Tawa, Keita ko Madawa, ya kamata masu awo su fara zagayawa da dattawan unguwa, a rubuta inda suka nuna a sa a takardar fili. Ɗaliban jami'ar Tawa na iya ɗaukar wannan aiki a hutun damina, kowa a ƙauyensu, da salular da ke aljihunsa.